Mai ƙahon da ya zo da iskar 'yanci: Louis Armstrong da gardamar da ta biyo shi Afirka

Akwai wani hoto da aka ɗauka a Kaduna a shekarar 1960. A cikinsa ga Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa, cikin rawani da babbar riga, ga kuma wani baƙon Ba'amurke baƙar fata a gefensa, ana raha. Baƙon shi ne Louis Armstrong, wanda duniya ta sani da laƙabin Satchmo, gwanin busa ƙaho a kiɗan jaz. Makonni kaɗan ke nan da saukar da tutar Ingila a Legas, kuma ɗan Bauchi, Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, shi ke riƙe da ragamar sabuwar ƙasa. Wanda ya ga hoton zai ɗauka kowa na son wannan baƙo, alhali a ƙasarsu an daɗe ana ja-in-ja a kansa.

An haifi Armstrong a New Orleans ranar 4 ga Agusta, 1901, cikin talauci mai tsanani. A gidan horon yara, inda aka kai shi bayan ya harba bindiga sama a daren sabuwar shekara, ya samu wanda ya koya masa busa sosai. Faya-fayan da ya yi a Chicago daga 1925 zuwa 1928 su suka sauya jaz, daga kiɗan taro inda kowa ke busa tasa a lokaci guda, zuwa kiɗan da gwani ɗaya ke fitowa fili ya baje basirarsa. A kan wannan babu mai musu.

Abin da aka yi musu a kai shi ne fuskarsa. Armstrong yakan hau dandali da farin hankici a hannu, yana share gumi, yana zare ido, yana washe baki har kunne. Turawa suna son haka ƙwarai, kuma son nasu shi ya ɓata wa matasan makaɗa baƙaƙe rai. Dizzy Gillespie, wanda shi ma mabushin ƙaho ne, ya soki salon a matsayin ragowar zamanin gandun bayi. Miles Davis ya tsani dariyar, amma ya yarda cewa babu abin da mutum zai busa da Armstrong bai riga shi busawa ba. Da ya yarda aka naɗa shi Sarkin Zulu a bikin garinsu na 1949, aka shafe masa fuska da baƙin fenti bisa al'adar bikin, jaridun baƙaƙe da dama sun ce ya zubar musu da mutunci.

Mutumin Bauchi ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane wannan gardama. Duk wanda ya tsaya a ƙofar fada ranar hawan Salla ya ga masu kakaki sun ɗaga dogayen ƙarafansu sama, ya ga mai algaita kumatu sun kumbura kamar za su fashe, ya san cewa fitowar sarki ba ta cika sai da su. Amma idan an watse, mabushi maroƙi ne a idon jama'a, kuma da wuya a tsaya a tambayi shekarun da ya kwashe yana koyon riƙe numfashi. Ana jin busarsa, ana auna darajarsa da wanda yake yi wa busar. Da wannan ma'auni aka auna Armstrong, kuma a ganina an tauye shi.

Hujjata tana cikin 1957. A watan Satumba, gwamnan jihar Arkansas, Orval Faubus, ya girke dakaru don hana ɗalibai baƙaƙe tara shiga makarantar sakandare a Little Rock. Armstrong yana yawon wasa a Dakota ta Arewa wani matashin ɗan jarida ya tambaye shi ra'ayinsa. Ya kira Shugaba Eisenhower mai fuska biyu kuma marar zuciya, ya zagi Faubus, ya ce ya fasa zuwa Tarayyar Sobiyet da gwamnati ke shirin tura shi. An soke masa wasanni, wasu gidajen rediyo suka daina sa faya-fayansa. Makaɗan da ke kiransa ɗan amshin shata, kaɗan ne cikinsu suka fito suka tsaya masa. Haka kuma ya ƙaurace wa yin wasa a garin haihuwarsa daga 1956 har 1965, saboda dokar Louisiana da ta hana farare da baƙaƙe hawa dandali ɗaya, shi kuwa ƙungiyarsa gauraye take.

Zuwansa Afirka na farko a watan Mayun 1956 ne, a Ankara ta Gana, kafin ƙasar ta samu 'yanci. Jama'a suka yi dafifi, ya yi busa tare da E.T. Mensah, sarkin kiɗan hailaif, ya kuma rera "Black and Blue" a gaban Kwame Nkrumah. Zuwa na biyu, wanda ya fara a Oktoban 1960, ya fi tsawo kuma ya fi ƙura. Kamfanin Pepsi-Cola ne ya ɗauki nauyin zangon Gana da Nijeriya don tallata sababbin masana'antunsa, Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta ɗauki sauran. Wato tun daga tushe akwai mai sayar da lemo a gefe guda, akwai masu yaƙin cacar baki da Rasha a ɗaya gefen.

Ranar 28 ga Oktoba ya sauka a Leopoldville ta Kwango, Kinshasa ta yau. Aka ɗauke shi a karaga bisa kafaɗu zuwa filin wasa, ana kiɗa ana rawa. A wannan lokaci Firayim Minista Patrice Lumumba yana tsare a gidansa cikin garin, sojoji sun kewaye shi. Daga baya ayarin ya je Katanga, lardin da Moise Tshombe ya ɓalle da shi, inda aka kashe Lumumba ranar 17 ga Janairu, 1961. Rikicin Kwango bai yi wa Nijeriya nisa ba. Da Tafawa Ɓalewa ya tsaya a gaban Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 7 ga Oktoba, 1960, ranar da aka karɓi Nijeriya, kaso mai yawa na jawabinsa a kan Kwango ya tafi, kuma sojojinmu sun shiga rundunar kiyaye zaman lafiya a can. Masaniyar tarihi Susan Williams, a littafinta White Malice na 2021, ta kawo hujjar cewa jami'an leƙen asirin Amurka sun fake da ziyarar mawaƙin don gudanar da nasu aiki, ba da saninsa ba. Na yarda an yi amfani da shi. Ban ga dalilin ɗora masa laifin abin da aka ɓoye masa ba.

Inda kare shi ke yi mini wuya shi ne batun Velma Middleton. Tun 1942 take waƙa tare da shi. Mace ce mai jiki, mai barkwanci, takan yi rawa ta faɗi ƙasa ta ware ƙafafu, 'yan kallo su ɓarke da shewa. Masu sharhin jaz sun tsane ta, suna cewa muryarta ba ta kai ba, kuma tana mayar da babban kiɗa wasan kasuwa. Shekara da shekaru ana matsa wa Armstrong ya sallame ta, ya ƙi. Ya ɗauke ta kamar 'yar gida, kuma jama'ar da suka biya kuɗin shiga suna sonta, shi kuwa su yake yi wa wasa. A nan ma ina bayansa.

Amma a Janairun 1961, ayarin yana Saliyo, ciwon shanyewar jiki ya kama ta. Akwai wasannin da aka riga aka tsara a gaba, sai aka bar ta a asibiti aka wuce. Ta rasu a Freetown ranar 10 ga Fabrairu, tana da shekara 43. Barney Bigard, mai busa sarewar Turawa a ƙungiyar, ya riƙe wannan abu a zuciya har tsufansa, yana ɗora laifin a kan manajansu Joe Glaser da Armstrong kansa. Masu kare Armstrong suna cewa halin da take ciki bai bari a ɗauke ta a jirgi ba, kuma ba shi ke tsara tafiya ba. Duk da haka, mutumin da ya iya tsaya wa shugaban ƙasa a 1957 yana da bakin da zai ce wa manajansa a dakata, ko na kwana biyu ne, saboda matar da ta yi kusan shekara goma sha tara tana tsaye a gefensa.