Asalin Kalmar Sirri

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta ya rasa kalmar da za ta buɗe masa ita, alhali kuwa shi da kansa ya ƙaga ta shekaranjiya, ya cancanci a ba shi labarin inda wannan al'ada ta samo asali, watakila in ya ji yadda aka faro ta ya sassauta wa ƙwaƙwalwarsa zargi. Al'adar dai ta girmi na'ura nesa ba kusa ba. Polibiyus, masanin tarihin nan Bayunane wanda ya rayu a ƙarni na biyu kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salamu, ya bayyana cewa a sansanin rundunar Rumawa, idan rana ta doshi faɗuwa, akan aiki soja zuwa hemar hafsa ya karɓo ɗan allon katako mai ɗauke da kalmar daren, a yi ta miƙa shi daga ƙungiya zuwa ƙungiya a gaban shaidu, har ya komo hannun hafsan kafin duhu ya rufa. In kuwa allo bai dawo ba, to, an san inda za a nemi mai laifi. Kalma ɗaya ce ta runduna duka, kuma ta dare guda.

Amma kalmar da kowa yake riƙe da tasa shi kaɗai, galibi ana danganta farkonta ne ga jami'ar MIT ta Amurka. A wancan zamani kwamfuta takan cika ɗaki, mai bukata kuma yakan kawo aikinsa bisa katuna masu huji, ya ajiye, ya koma ya jira sa'o'i ko ma kwana kafin ya sami amsa. Cikin shekarar 1961 Fernando Corbató da abokan aikinsa suka nuna wani tsari da suka kira CTSS, wanda da shi mutane da dama za su yi aiki da na'urar IBM guda a lokaci ɗaya, kowa a gaban tafiretarsa, na'urar tana kewayawa tsakaninsu da saurin da kowannensu zai zaci shi kaɗai take wa hidima. Da yake kowa yana da takardunsa a ciki, kuma an yanka wa kowa rabonsa na lokaci, sai aka bukaci abin da zai rarrabe Zaidu da Amru, wato kalmar sirri ga kowa. A ganina nan ne tushen mas'alar yake, domin abin da aka rataya asabari ne tsakanin abokan aiki waɗanda suka san juna, ba wanda ya yi nufin ya zama ƙyauren baitulmali. Saboda haka ne ma aka tara kalmomin duka cikin kundi ɗaya, a rubuce ɓaro-ɓaro.

Ba a jima ba aka ɗaga asabarin, kuma ɗan gida ne ya ɗaga. Wani ɗalibi mai neman digiri na uku, Allan Scherr, wanda aka ƙayyade wa sa'a huɗu a mako alhali bincikensa ya fi ƙarfin haka, ya lura cewa ana iya neman a buga kowane kundi a takarda ta hanyar miƙa kati. Ya miƙa katin neman kundin kalmomin a daren Juma'a, da safiyar Asabar ya je ya ɗauki takardarsa, sa'an nan, don kada zargi ya tsaya a kansa shi kaɗai, ya raba wa waɗansu. Sai bayan shekaru masu yawa ya faɗi gaskiya. Akwai kuma ranar da kuskuren manhajar gyaran rubutu ya musanya saƙon maraba da kundin kalmomin, ya zamana duk wanda ya shiga, sirrin jama'a ne yake fara yi masa sallama.

Magani ya zo daga hikimar lissafi. Roger Needham na jami'ar Kambirij a Ingila ya kawo shawarar kada a ajiye kalmar kanta, a ajiye sakamakon wani lissafi mai sauƙin tafiya gaba, mai tsananin wuyar komowa baya, kamar dakan gero, wanda ba a mai da garinsa tsaba. Robert Morris da Ken Thompson na Bell Labs suka ɗora wannan a kan tsarin sarrafa kwamfuta na Unix, suka ƙara abin da suka kira gishiri, wato ɗan ƙari da yake sa kalma ɗaya ta iya fitowa ta fuska 4,096. A maƙalarsu ta 1979 sun ce sun duba kalmomi 3,289 da mutane suka zaɓa, suka tarar kashi 86 cikin ɗari ana iya cinko su ba da wata wahala ba. Wani abin al'ajabi kuma, ɗan Morris ɗin ne ya saki tsutsar nan, wato manhaja mai yaɗa kanta, da ta tsai da dubban kwamfutoci a Nuwamba 1988, cikin makamanta kuwa har da ɗan jerin kalmomin da aka san mutane suna yawan zaɓa.

Tun daga nan nauyin ya koma kan mai amfani. A 2003 Bill Burr na hukumar NIST ta Amurka ya rubuta ƙa'idar da ta yaɗu a ofisoshin duniya, ta cakuɗa manyan baƙaƙe da ƙanana da lambobi da alamomi, mutane kuwa suka bi zahirin hukuncin suka bar maƙasudinsa, suna liƙa lamba ɗaya a ƙarshen tsohuwar kalma duk sa'ad da aka ce su sauya. A 2017 Burr ya bayyana nadamarsa, hukumar ma ta sake fatawa, ta fifita tsawo a kan cakuɗa. Shi kuwa Corbató, wanda ya rasu a 2019 yana da shekara 93, ya shaida wa jaridar Wall Street Journal a 2014 cewa lamarin kalmar sirri ya zama jidali, kuma nasa kalmomin a takarda yake ajiye su, shafi uku cur, bugun tafireta.