Jar Fitila da Alwatika Mai Ruwan Ɗorawa: Tarihin Alamomin Gargaɗi a Tashoshin Lantarkin Iska

Mai karatu, in ka taɓa yin tafiyar dare ka hango jar fitila tana kyaftawa a saman turken sadarwa, to ka riga ka san ɗaya daga cikin alamomin da za mu tattauna a kansu yau. Irin wannan fitilar ce ake sakawa a saman injinan nan masu kama da ƙatuwar fanka, waɗanda iska ke juyawa su ba da wutar lantarki. Amma fa ba ita kaɗai ba ce. A ƙofar injin akwai alwatika mai ruwan ɗorawa da hoton walƙiya, akwai shuɗin zagaye da hoton hular kwano, a ciki kuma akwai koren allo mai nuna hanyar fita. Ba don ado aka yi su ba. Kowace tana da wanda take yi wa magana, kuma da yawansu sai da aka yi asarar rai kafin aka ga muhimmancinsu.

Daga rubutu zuwa hoto

A shekarar 1888 wani Ba'amurke, Charles Brush, ya kafa injin iska a bayan gidansa da ke birnin Cleveland. Fukafukansa 144 ne na katako, ƙarfinsa kilowat 12, tsayin turkensa kimanin mita 18. A wancan lokacin ba a san jirgin sama ba, kuma injin na cikin gidan mai shi. To wa za a yi wa gargaɗi?

Alamomin tsaro a masana'antu suka girma, ba a wurin injin iska ba. A 1941 Amurka ta fitar da ƙa'idar allunan gargaɗi na wuraren aiki, sannan dokar kare ma'aikata ta 1970 ta kafa hukumar OSHA da ke tilasta bin irin waɗannan ƙa'idoji. Sai dai allunan farko rubutu ne ya fi yawa a jikinsu, kuma rubutu mai jin harshen kawai yake yi wa amfani. Ko mai jin harshen ma, in hayaƙi ya turnuƙe, hankali ya tashi, ina ya ga ta karatu?

Japan ta koyi wannan darasi da zafinsa. A 1972 gobara ta tashi a ginin kantin Sennichi da ke Osaka, mutum 118 suka mutu. Bayan wannan da wata makamanciyarta a Kumamoto a 1973, sai aka shiga neman alamar hanyar fita da kowa zai gane da kallo ɗaya. Zanen da Yukio Ota ya yi a ƙarshen shekarun 1970, wato koren mutumin nan mai gudu zuwa ƙofa, shi ne hukumar ƙa'idoji ta duniya, ISO, ta ɗauka daga baya.

A 1984 ISO ta fitar da ƙa'ida mai lamba 3864, wadda ta raba wa launi da siffa aiki. Jan zagaye mai sara a tsakiya hani ne. Alwatika mai ruwan ɗorawa gargaɗi ne. Shuɗin zagaye umarni ne, misali saka hular kwano. Koren allo mai kusurwa huɗu kuma mafita ce ko kayan agaji. Ƙasashen Turai sun mayar da irin wannan tsari doka a 1992, sannan a 2003 ISO 7010 ta tattara hotunan kansu wuri guda. Ka ga kenan, harkar lantarkin iska gadon wannan yare ta yi. Abin da ta ƙara shi ne hatsarorin da suka keɓanta da ita.

Magana da matuƙin jirgi

Bayan rikicin man fetur na 1973, Denmak da jihar Kalifoniya suka rungumi iska, amma injinan shekarun 1980 ƙanana ne. Da tafiya ta yi tafiya sai suka riƙa tsawo, har yau ana samun na tudu da bakin fiffikensa ke wuce mita 200. Nan ne hukumomin jiragen sama suka shigo. A Amurka, duk abin da ya haura ƙafa 200, kimanin mita 61, sai an sanar da hukumar FAA, kuma shawararta ita ce a shafa wa injin farin fenti ko ruwan toka mai haske don a gan shi da rana, da dare kuma jajayen fitilu su riƙa kyaftawa tare lokaci guda, don matuƙi ya gane faɗin tashar baki ɗaya. A Jamus, injin da ya wuce mita 100 za ka ga an yi wa bakin fukafukansa ratsin ja ko ruwan lemo, kowane ratsi mita 6.

Kada ka ɗauka fitila ɗaya ba komai ba ce. Ranar 27 ga Afrilun 2014, wani ƙaramin jirgi ya daki fiffiken injin iska kusa da garin Highmore a jihar Dakota ta Kudu, duk mutum huɗun da ke ciki suka rasu. Masu bincike sun ɗora babban dalilin a kan yadda matuƙin ya ci gaba da tafiya ƙasa-ƙasa cikin dare da mummunan yanayi, amma sun ce fitilar injin da ba ta aiki ta taimaka wajen aukuwar hatsarin. Alamar tana nan a wurinta, ba ta dai yin magana.

Abin sha'awa, daga baya fitilun da kansu suka zama abin ƙorafi, domin mazauna kusa sun gaji da sararin sama mai kyaftawa har gari ya waye. Shi ya sa Jamus ta wajabta, daga farkon 2025, na'urar da ke barin fitilun a kashe sai ta gano jirgi ya matso.

Magana da mai wucewa da mai jirgin ruwa

A ƙasashe masu sanyi, ƙanƙara kan daskare a jikin fukafukai. Ka tuna bakin fiffiken babban inji na iya gudun da ya haura kilomita 250 a awa, don haka curin ƙanƙarar da ya ɓalle jifa ne. Masana, ciki har da injiniyan Jamus Henry Seifert, sun yaɗa wani lissafi mai sauƙi: ka haɗa tsayin turke da faɗin zagayen fukafukai, ka ninka da 1.5. In turke mita 100 ne, faɗin kuma mita 100, to haɗarin na iya kaiwa mita 300. Ma'ana, allon gargaɗin ba a gindin inji ya kamata ya tsaya ba, a bakin hanya can nesa ne, domin wanda ya iso gindi ya karanta ai ya riga ya shiga.

Da Denmak ta kafa tashar farko a cikin teku a Vindeby a 1991 da injina 11, sai aka samu sabon mai sauraro, wato matuƙin jirgin ruwa. Ƙungiyar IALA mai kula da alamomin teku ta ba da shawarar a shafa wa gindin kowane turke ruwan ɗorawa har tsayin mita 15 daga inda ruwa ke kaiwa in ya cika maƙil. Yarjejeniyar dokar teku ta 1982 kuma ta ba ƙasa damar shata yankin tsaro har mita 500 kewaye da irin waɗannan gine-gine.

Magana da ma'aikaci

Wanda ya fi kowa kusa da haɗari shi ne mai gyara. Yana hawan tsani mai tsawon gaske da ɗamarar tsaro, yana aiki kusa da wutar da yawanci take kai bolt 690 a janareta, taransifoma kuma ta ɗaga ta zuwa dubban bolt. Ranar 29 ga Oktoban 2013, wuta ta tashi a ɗakin injin da ke saman wani turke a Ooltgensplaat ta ƙasar Holan, ma'aikata huɗu na aiki a kai. Biyu sun tsira. Sauran biyun, masu shekara 19 da 21, wutar ta tare musu hanya a tsayin da ya haura mita 60, suka rasa rayukansu.

Darasin a nan mai ɗaci ne: alama tana nuna mafita ne kawai, ba ta ƙirƙirar ta. Shi ya sa masana tsaron wurin aiki ke ajiye allon gargaɗi kusa da ƙarshen jerin matakai. Farko a kawar da haɗarin, in bai yiwu ba a killace shi, sannan gargaɗi da horo su biyo. Horon ma an daidaita shi: a 2012 manyan kamfanonin harkar suka kafa ƙungiyar GWO, wadda ke tsara darussan aiki a sama, kashe gobara, agajin farko da tsira a teku.

To mu fa?

Wannan labari bai yi mana nisa ba. A Lambar Rimi ta jihar Katsina akwai tashar da aka tsara da injina 37 da ƙarfin megawat 10, Senegal na da ta Taiba Ndiaye, Kenya na da ta tafkin Turkana. Mu ƙanƙara ba ta dame mu ba, amma muna da tsawa a damina, muna da rana mai koɗar da fenti da ƙurar hunturu mai rufe allo, muna da makiyayi da yaro ɗan tallar da hanyarsu ta bi ta gefen taransifoma.

Kuma hoto ma ba kowa ke fassara shi iri ɗaya ba, shi ya sa ISO ke da wata ƙa'idar daban, 9186, ta gwada ko mutane sun fahimci alama. Don haka in aka kafa irin wannan tasha kusa da garinku, akwai tambayoyin da ya dace a yi. An gwada alamomin a kan mutanen yankin? An ƙara bayani da Hausa, da ajami, da Fulatanci inda ake buƙata? Wa ke duba fitilar sama, kuma wa za a kira in ta mutu? In ka wuce da dare ka ga turke ɗaya ya yi duhu alhali 'yan uwansa na kyaftawa, kada ka ce ba ruwanka, ka kai rahoto. Ka dai ji abin da ya faru a Highmore.