Ƙarancin na'urorin wasan bidiyo

Ƙarancin na'urorin wasan bidiyo yanayi ne da masu son sayen na'urar wasa, irin su PlayStation da Xbox da na'urorin kamfanin Nintendo, suke fin yawan na'urorin da ke kasuwa, har mutum ya riƙe kuɗinsa a hannu ya rasa inda zai saya a farashin kamfani. Yawanci yakan faru ne a watannin farko bayan fitowar sabuwar na'ura, musamman idan ta fito daf da Kirsimeti, lokacin da aka fi cinikin kayan wasa a Amurka da Turai. Wani ƙarancin makonni kaɗan yake yi ya wuce. Na Wii ya kai kusan shekara biyu, na PlayStation 5 kuma ya ɗan haura haka.

Duk sanda aka shiga irin wannan hali sai zargi ya taso cewa kamfanonin da gangan suke rage kaya don su ƙara wa mutane kwaɗayi. Kamfanonin sun sha musanta hakan. Tambayar da ke ƙarƙashin zargin, wato ko rashin abu yana ƙara son sa, tsohuwa ce a ilimin tattalin arziki da na halayyar ɗan Adam, kuma kasuwar na'urorin wasa na cikin wuraren da aka fi kawo misali da su.

Tarihi

Tsoron yawan kaya ya riga tsoron ƙarancinsa a wannan sana'a. A shekarar 1983 kasuwar wasan bidiyo ta Amurka ta durƙushe bayan kamfanoni sun cika kantuna da wasannin da babu mai saye. Kamfanin Atari ya kai ga binne tarin kaset-kaset ɗin wasa a wani juji a garin Alamogordo na jihar New Mexico, waɗanda aka tono wasu daga cikinsu a 2014. Da Nintendo ya shiga Amurka da na'urarsa ta NES a 1985, sai ya riƙe harkar da ƙarfi: shi yake ƙera kaset ɗin sauran kamfanoni, kuma bai yarda kamfani ɗaya ya fitar da wasa fiye da biyar a shekara ba. A 1988 aka samu ƙarancin ƙwaƙwalen lantarki, wato ƙananan guntayen silikon da ke ajiye bayanai da yin lissafi a cikin na'ura, sai wasanni irin su Super Mario Bros. 2 da Zelda II suka yi wuyar samu a lokacin Kirsimeti. A ƙarshen shekarar kamfanin Atari Games ya kai Nintendo kotu bisa zargin mamaye kasuwa. Tun daga lokacin sunan Nintendo ya haɗu da zargin matse kaya.

A ranar 26 ga Oktoba, 2000, Sony ya fitar da PlayStation 2 a Amurka da na'ura dubu 500, rabin miliyan ɗayan da ya yi alkawari, saboda ƙarancin kayan haɗi. Na'urar da kuɗinta dala 299 ne aka riƙa sayar da ita a shafin eBay a kan ninkin wannan kuɗi. Xbox 360 na kamfanin Microsoft ma ya yi ƙaranci da ya fito a Nuwamban 2005.

Shekarar 2006 ce ta fi ba da darasi, domin na'urori biyu sun fito a mako guda kuma dukansu sun ƙare a kantuna, amma ƙarshensu ya sha bamban. PlayStation 3 ya fito a Amurka ranar 17 ga Nuwamba a kan dala 499 da dala 599. Sony ya samu matsala wajen ƙera ƙaramar fitilar leza mai shuɗin haske da ke karanta faifan Blu-ray, abin da ya sa ya ɗage fitar da na'urar a Turai zuwa Maris na 2007. Mutane sun kwana a layi, an yi turereniya, har an harbi wani mutum a layin wani kanti a jihar Connecticut. Kwana biyu bayan haka Nintendo ya fitar da Wii a kan dala 250. Cikin 'yan watanni PlayStation 3 ya dawo yana zaune a kan kantoci ba a rububinsa, har Sony ya rage dala 100 daga farashinsa a Yulin 2007. Wii kuwa ya ci gaba da ƙarewa da zarar an sauke shi, har cikin 2008, duk da cewa Nintendo yana ƙera miliyan 1.8 a kowane wata a ƙarshen 2007, daga baya ya ƙara zuwa miliyan 2.4. Shugaban reshen kamfanin na Amurka a lokacin, Reggie Fils-Aimé, ya musanta cewa da gangan ake yi. A ƙarshe an sayar da Wii sama da miliyan 101.

Bayan Wii U ya gaza, inda aka sayar da miliyan 13.56 kacal a duk rayuwarsa, Nintendo ya yi taka-tsantsan da abin da ya biyo baya. NES Classic Edition, ƙaramar na'ura mai tsofaffin wasanni 30 a kan dala 60, ta fito a Nuwamban 2016 ta ƙare nan take, kuma kamfanin ya daina ƙera ta a Afrilun 2017 alhali mutane na nema. Sai a tsakiyar 2018 aka dawo da ita. Da Switch ya fito a Maris na 2017, buƙata ta zarce lissafin kamfanin har ya riƙa ɗauko wasu na'urorin ta jirgin sama maimakon jirgin ruwa, duk da tsadar hakan.

PlayStation 5 da annobar korona

Microsoft ya fitar da Xbox Series X da Series S ranar 10 ga Nuwamba, 2020, Sony kuma ya fitar da PlayStation 5 ranar 12 ga watan, a kan dala 499.99 mai cin faifai da dala 399.99 marar cin faifai. Lokacin duniya na tsakiyar annobar korona. Mutane na zaune a gida suna neman abin ɗebe kewa, masu aiki da karatu daga gida suna sayen kwamfutoci, jigilar kaya ta teku kuma ta rikice.

Babbar ƙwaƙwalwar da ke cikin na'urorin biyu kamfanin AMD ne ya tsara ta, kamfanin TSMC na Taiwan ne ke ƙera ta, kuma masana'antun nan guda su ne masu yi wa kamfanonin waya da na kwamfuta aiki. Gina sabuwar masana'anta irin wannan yana cin biliyoyin daloli da shekaru, don haka ba a iya ƙara yawan kaya cikin wata biyu ko uku. A 2021 matsaloli suka ƙaru: tsananin sanyi a jihar Texas ya rufe masana'antar Samsung da ke Austin a Fabrairu, gobara ta tashi a wata masana'antar Renesas a Japan a Maris, Taiwan kuma ta yi fama da fari alhali wannan aiki yana shan ruwa mai yawa. Na'ura ɗaya tana da ɗaruruwan sassa, rashin ƙaramin sashe guda mai arha ya isa ya tsayar da haɗa ta.

Sony ya yi niyyar sayar da PlayStation 5 fiye da miliyan 14.8 a shekarar kuɗi ta 2021, amma miliyan 11.5 ya iya. Sai a Janairun 2023 shugaban sashen PlayStation, Jim Ryan, ya sanar cewa samun na'urar zai yi sauƙi daga lokacin.

Masu saye don sake sayarwa

Idan farashin kamfani ya yi ƙasa da abin da mutane suke shirye su biya, wani zai shiga tsakani ya ci bambancin. Masu wannan sana'a sun yi kama da 'yan bumburutu a lokacin wahalar man fetur, sai dai su layinsu a intanet yake. Suna amfani da manhajoji masu aiki da kansu, da ake kira bot, waɗanda ke sa ido a shafukan kantuna su kammala saye cikin daƙiƙoƙi kafin mutum ya gama rubuta adireshinsa. A ƙarshen 2020 an riƙa sayar da PlayStation 5 a eBay a kan dala dubu ɗaya ko fiye.

Kantuna sun gwada dabaru iri-iri: na'ura ɗaya ga mutum ɗaya, rajista da jiran gayyata, da jefa ƙuri'a, wadda ta fi yawa a Japan. A Janairun 2021 wani kantin Yodobashi Camera da ke unguwar Akihabara a Tokyo ya gwada sayarwa kai tsaye, cunkoson ya yi yawa har aka kira 'yan sanda aka soke cinikin. A Birtaniya ɗan majalisa Douglas Chapman ya gabatar da ƙuduri a 2021 don hana sayen na'urorin da bot, amma bai zama doka ba. Dokar Amurka ta 2016 da ta haramta bot tikitin kallo kawai ta shafa.

Masu sake sayarwa ba su rage adadin na'urorin da aka ƙera ba, tunda daga ƙarshe na'urar tana isa hannun mai wasa. Abin da suka canja shi ne wanda ya samu, da nawa ya biya, da aljihun da ribar ta faɗa. Ko sisi daga wannan ƙari bai shiga asusun Sony ko Microsoft ba.

Shin ƙaranci yana ƙara buƙata?

Masu cewa yana ƙarawa suna da hujja daga ilimin halayyar ɗan Adam. A 1975 Stephen Worchel da Jerry Lee da Akanbi Adewole sun yi wani gwaji da biskit: an ba wasu mutane daga kwalba mai guda goma, wasu daga kwalba mai guda biyu. Waɗanda suka ga biyu sun fi ɗaukar biskit ɗin da daraja. Darajar ta fi hawa ga waɗanda aka fara nuna wa goma sannan aka rage zuwa biyu, aka ce musu wasu ne suka nema. Amma ba su ce ya fi daɗi a baki ba. Robert Cialdini ya yaɗa wannan sakamako a littafinsa Influence na 1984. Masanin tattalin arziki Gary Becker ma ya yi bayani a 1991 kan dalilin da ya sa gidan abinci mai dogon layi ba ya ƙara farashi: mutane suna son abin da suka ga wasu na so, layin kansa talla ne. Babu shakka hoton mutane kwance a bakin kanti yana shiga labarai ba tare da kamfani ya biya kuɗin talla ba.

Sai dai yadda ake cin riba a wannan kasuwa bai goyi bayan zargin ba. Sony da Microsoft sukan sayar da sabuwar na'ura a kan asara ko riba ƙalilan, su mayar da kuɗinsu daga wasanni, da kuɗin rajistar wata-wata, da kason kusan kashi 30 cikin ɗari na abin da aka saya a kantinsu na intanet. A shari'ar Epic da Apple a 2021, wata jami'ar Microsoft, Lori Wright, ta shaida wa kotu cewa kamfanin bai taɓa cin riba daga sayar da na'urar Xbox kanta ba. Ke nan duk na'urar da ba ta isa gida ba, wasannin da za a saya dominta ma sun tafi, kuma mai jira yana iya gajiya ya sayi ta abokin hamayya. Kamfanonin da ke yin wasanni su ma suna duba yawan na'urorin da ke hannun jama'a kafin su zuba kuɗi.

Abin da ya faru a 2006 ya nuna iyakar tasirin ƙaranci. Da shi ne ke haifar da buƙata, da PlayStation 3 bai zauna a kanti ba bayan duk rububin ranar farko. Wii ya daɗe yana wuya ne domin yana da arha kuma ya jawo iyaye da tsofaffi da ba su saba wasa ba. Alƙaluman PlayStation 5 ma haka suka nuna: da kaya suka wadata ciniki ya hau, daga miliyan 11.5 zuwa miliyan 19.1 a shekarar kuɗi ta 2022, sannan miliyan 20.8 a ta 2023. Amma wannan na ƙarshe bai kai miliyan 25 da Sony ya yi hasashe ba, abin da ke nuna cewa dogon layi yana iya ruɗin kamfanin kansa game da yawan masu saye na gaskiya. A lokacin ƙaranci mutum ɗaya yakan yi rajista a kanti biyar, masu sake sayarwa kuma suna ƙara kumbura lissafin.

Akwai kuma tambayar me ya hana kamfanin ƙara farashi har layin ya watse. Wani bincike na Daniel Kahneman da Jack Knetsch da Richard Thaler a 1986 ya ba da amsa: kashi 82 cikin ɗari na waɗanda aka tambaya sun ce rashin adalci ne kanti ya ƙara kuɗin shebur daga dala 15 zuwa 20 washegarin zubar dusar ƙanƙara. Kamfanin da ke son riƙe mai saye shekara shida ko bakwai ba zai so a yi masa kallon mai cin amanar ciniki ba. Da Sony ya ƙara farashin PlayStation 5 a Turai da Japan da wasu ƙasashe a Agustan 2022, hauhawar farashi da canjin kuɗi ya ba da a matsayin dalili.

Inda ake ganin ƙaranci na gangan a fili shi ne kayan da aka yanka wa wa'adi ko adadi tun farko. Nintendo ya fitar da wasan Super Mario 3D All-Stars a Satumban 2020 ya kuma sanar cewa zai daina sayar da shi ranar 31 ga Maris, 2021, har da kwafin da ake saukewa ta intanet, wanda babu masana'antar da ke iyakance yawansa. An sayar da kimanin miliyan 9. A nan kamfanin bai yi asarar komai ba, domin masu sayen sun riga sun mallaki na'urar.

Switch 2

Kafin fitowar Switch 2 ranar 5 ga Yuni, 2025, mutane kusan miliyan 2.2 ne suka shiga ƙuri'ar farko ta kantin Nintendo a Japan kaɗai, har shugaban kamfanin, Shuntaro Furukawa, ya ba da haƙuri cewa da yawa ba za su samu ba. Don toshe ƙofar masu sake sayarwa, sharaɗin shiga ƙuri'ar ya haɗa da cewa mutum ya yi wasa na aƙalla awa 50 a tsohon Switch kuma ya yi shekara guda yana biyan rajistar intanet ta kamfanin. An kuma yi wani samfuri mai rahusa, a kan yen 49,980, wanda harshen Japananci kawai yake aiki da shi, don kada a kwashe shi zuwa waje. A Amurka farashin a lokacin fitowarsa a 2025 dala 449.99 ne. Nintendo ya ce ya sayar da fiye da miliyan 3.5 a duniya cikin kwana huɗu na farko, adadin da babu wata na'urarsa da ta taɓa kaiwa a irin wannan lokaci.