Daga Furen Taba Zuwa Kwalbar Kodin

Tun zamanin da fatake ke kora jakuna zuwa Gwanja su komo da huhun goro, matan ƙasar Hausa suna da abin da suke sa wa baki domin nishaɗi: budurwa takan goge haƙoranta da furen taba da goro har su yi ja, wannan kuwa ado ne a wurinta, tsohuwa kuma takan ƙulle garin taba a bakin zane, tana ɗiba kaɗan-kaɗan idan hira ta yi daɗi. Malamai sun daɗe suna saɓani a kan hukuncin taba, wasu suka haramta, wasu suka ce makaruhi ce, amma dai a bainar jama'a ake yin abin, ba a kuma san shi da gusar da hankali ba.

Musibar da ta biyo baya ta sha bamban, domin maganin tari mai kodin, da yake ba shi da warin giya, ana kuma sayensa a kantin magani a lokacin tamkar halal, sai ya sami hanyar shiga gidan biki da ɗakin amarya, ya zama mafakar bazawarar da aka saka da goyo, da matar da baƙin ciki ya hana wa barci. A shekarar 2017 aka faɗa a Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalba miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa, a watan Mayun 2018 kuma, bayan wani rahoton BBC a kan shan maganin, Gwamnatin Tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi. Hanin ya yi amfani, sai dai bai warkar da wadda ta riga ta kamu ba. Binciken da aka yi a Najeriya a 2018 tare da Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mace ce 1 cikin kowane mutum 4 masu shaye-shaye, alhali a wuraren jinya da ƙyar ake samun mace 1 cikin 20. Kunya da tsoron gori da fargabar mutuwar aure su ke tsare ta a ɗaki.

Da Nana Asma'u, 'yar Shehu, ta ga matan karkara ba su iya zuwa wurin karatu, jajoji ta naɗa, dattijai amintattu, suka riƙa bin su har tsakar gida. Ina roƙon malamai mata da ungozomai da ma'aikatan lafiya su ɗauki wannan tafarki, su isa ga 'yar'uwar nan cikin sirri da tausasawa, su kai ta ga likita.