Lada ko Mallaka? Yadda Ake Karanta Maraɗi a Kasafin Ƙungiyoyin Farfaɗo da Ƙasa a Yankin Potiskum

A wani zaman ƙara wa juna sani da muka yi a kan noman farfaɗo da ƙasa, wani abokin aikina da na daɗe ina ganin girman iliminsa ya gabatar da takarda. A ciki ya zana kasafin wata ƙungiyar sa-kai da yake fatan a kafa domin ƙauyukan Potiskum da Nangere da Fika. Jigon kasafin shi ne a riƙa biyan manomi lada a kan kowace bishiyar da ya bari a gonarsa, a ƙara masa wani ladan idan ya daina sayen takin zamani, a yi haka shekara uku, daga nan sabo ya riƙe abin da kuɗi ya fara. Hujjarsa Maraɗi ce. A ganina ya karanta tarihin Maraɗi a baibai, kuma da yake wannan karatun ya fara zama ruwan dare a takardun neman tallafi, ya kamata a tsaya a kansa.

Yadda manomin Arewa ke haɗa shuka da kiwo da itace a gona ɗaya an riga an yi bayaninsa (Mortimore da Adams, 1999). Sunan da ake yayi yanzu kuwa, wato noman farfaɗo da ƙasa, daga Amurka ya zo, daga Cibiyar Rodale, wadda a 2017 ta haɗu da kamfanonin Patagonia da Dr. Bronner's suka fitar da tsarin ba da takardar shaida ga amfanin gonar da aka noma ba tare da sinadari ba. Wannan tsari yana tsaye ne a kan mai saye da ya yarda ya ƙara kuɗi saboda tambarin da ke jikin kwali. A kasuwar hatsi ta Potiskum ba a tambayar mudun gero ko ya sha takin zamani. Abokin nawa ya san haka, shi ya sa ya nemi aljihun mai ba da tallafi ya tsaya a madadin mai sayen.

To me ya faru a Maraɗi? Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aiki da ƙungiyar mishan ta SIM, ya yi shekaru yana dashen itatuwa suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa tsiron da manoma ke sarewa duk shekara lokacin sassabe toho ne daga kututturen manyan itatuwa masu saiwa da rai a ƙasa. Idan aka zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi aka rage sauran, sabara da kalgo da gawo sai su tashi cikin hanzarin da dashe ba ya yi. Mutanen wurin suka raɗa wa abin suna sassabin zamani. Ya fara da manoma ƙalilan, maƙwabta na yi musu dariya, wasu na sare itacen da dare. Sai yunwar 1984 ta zo. Ƙungiyar ta raba abinci a ƙauyuka kusan 100 da sharaɗin barin itace a gona, aka raya itatuwa wajen 500,000. A nan takardar abokina ta ajiye labarin, ta tsallaka zuwa hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200 da aka ƙiyasta bayan shekara ashirin da ɗoriya (Reij, Tappan da Smale, 2009).

Abin da ta tsallake shi ne tsakiyar labarin. Da damina ta yi kyau aka daina rabon abinci, gatari ya koma aiki. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kashi biyu cikin uku sun tafi. Wato gwajin biyan ladan da aka yi a Maraɗi ya nuna cewa mafi yawan abin da lada ya tsayar yana faɗuwa ranar da lada ya tsaya. Miliyoyin hektocin da suka biyo baya, a Maraɗi da Damagaram, akasarinsu babu wanda ya biya masu su ko dala. Manomi ya gani a gonar ɗan'uwansa, ya kwaikwaya.

Da na faɗi haka a zaman, abokin nawa ya kawo raddi uku, kuma babu na yarwa a cikinsu.

Na farko, ya ce ba don abincin ba, wa zai gwada? Kashi ɗaya cikin ukun da ya rage ai shi ne irin da ya yaɗu, don haka abincin ya biya kansa. Na yarda da rabin wannan. Abincin ya sa ƙauye guda ya yi abu ɗaya a lokaci ɗaya, mai dariya ya rasa wanda zai yi wa, ɓarawon itace ya rasa dalili tunda kowa na da nasa. Amma a tuna cewa abincin agaji ne da za a raba ko da sharaɗi ko babu, domin mutane na mutuwa. Ba a ɗora kuɗinsa a kan itace ba. Wanda zai kwaikwayi wannan a shekarar da babu yunwa, daga kasafinsa zai biya, kuma zai koya wa manomi cewa barin itace aikin ƙungiya ne da ake yi mata ƙwadago. Sannan akwai tambayar da raddin bai amsa ba: me ya hana ragowar kashi ɗayan sarewa, kuma me ya dawo da waɗanda suka sare?

Amsar da shaidu suka fi karkata gare ta ita ce mallaka. Tun zamanin Faransa doka ta mai da manyan itatuwa na hukuma, dokar daji ta 1974 ta ci gaba a kan haka. Mutum zai iya biyan tara saboda ya sare reshen gawon da ke tsakiyar gonarsa. Mai hankali a irin wannan hali ba ya barin tsiro ya girma har ya jawo masa malamin daji. Ma'aikatan shirin na Maraɗi sun nemi jami'an gandun daji su sassauta, aka sassauta. Bayan rasuwar shugaban Nijar Seyni Kountché a 1987, da rikicin tattalin arziki da na siyasa da suka biyo baya, hannun hukuma ya yi sanyi a karkara, manoma suka fara ɗaukar itacen gona a matsayin nasu tun kafin dokar daji ta 2004 ta matso kusa da abin da suke yi. A Ɗan Saga, cikin yankin Agye, mutanen gari suka kafa kwamitocin tsaron itace da dokokin kansu. Ba zan ce wannan kaɗai ne dalili ba. Damina ta ɗan gyaru bayan shekarun fari, itacen girki ya yi tsada, Najeriya na saye. Sai dai duk waɗannan ba sa amfanar wanda ba shi da ikon sayar da reshen da ya raina.

Akwai kuma abin da kasafi ba ya son nunawa, wato zama. Rinaudo ya yi kusan shekara 18 a Nijar, yana jin Hausa, yana komawa ƙauyukan da suka sare itacen ba tare da fushi ba. Ko mutum na da ra'ayi a kan aikin mishan ko ba shi da shi, tsarin kuɗinsu ya ba ma'aikaci damar daɗewa a wuri ɗaya da ɗan abin hannu. Shirin shekara uku yakan ci ta farko wajen hayar ofis da sayen mota, ta ƙarshe wajen rubuta rahoto.

Raddi na biyu ya fi ƙarfi. Ya kawo Humbo a Habasha, inda World Vision ta fara aiki a 2006 a kan fili mai hekta 2,700 da ɗoriya, itatuwa suka dawo, al'umma ta karɓi kuɗin iskar kabon ta hannun wani asusu na Bankin Duniya. Ga lada, ga nasara, in ji shi. Gaskiya ne. Amma Humbo tudu ne na gamayya da aka killace, mai iyaka ɗaya da za a iya aunawa, kuma kafin kuɗin kabon ya iso sai da ƙungiyoyin gama-kai na ƙauyukan suka sami takardar ikon amfani da filin. Kuɗin ya shiga asusun gamayya bayan shekaru, ba a raba shi bishiya-bishiya ba. Gonakin Nangere kuwa dubbai ne, ƙanana, a warwatse, wasu na gado, wasu na aro, wasu na haya ko jingina. Wa za a biya a gonar haya, mai gona ko mai noma? Wanda ya karɓi aro ya san cewa raya itace a gonar wani kan zama kamar da'awar mallaka, mai gonar ma ya sani. Kuɗin ƙirga itatuwan da tantance su duk shekara, ina tsoron, zai haura ladan da zai isa hannun manomi. Ban ce ba za a taɓa iya yi ba. Humbo dai ba ta nuna an yi ba.

Raddi na uku ya shafi taki, kuma a nan dole in rage faɗin da'awata. Abokina ya ce ko an bar zancen itace, biyan manomi ya rabu da takin zamani alheri ne, ganin tsadarsa. Na so in amsa masa da cewa itace da kashin dabba sun isa su riƙe gona ba tare da lada ba, amma shaidar da ke hannu ba ta kai nan ba. Ƙaruwar hatsi ta tan 500,000 a shekara da ake jingina wa sassabin zamani lissafi ne da aka yi ta ninka matsakaicin ƙiyasi da faɗin fili, ba awon rumbu ba. Gawo na ƙara wa ƙasa naitirojin, yana kaɗe ganye da damina ya bar wa gero rana, amma ba ya ƙirƙiro fosfaras, wanda shi ne babban abin da jigawar Sahel ta rasa. Buhun kamfa mai kilo 50 na 15-15-15 na ɗauke da naitirojin kilo 7.5. Kafin a sami kwatankwacinsa a busasshen kashin shanu sai an ɗebi abin da ya kai rabin tan ko fiye, kuma saniya ba ta ƙera komai, abin da ta ci a makiyaya take kawowa gona. Lokacin taron Abuja na 2006 a kan taki, matsakaicin abin da manomin Afirka kudu da Sahara ke zubawa kilo 8 ne a hekta. Biyan irin wannan manomi ya daina taki biyansa ne a kan abin da talauci ya riga ya sa shi. Gwaje-gwajen cibiyar bincike ta ICRISAT a Sadore kusa da Yamai sun nuna cewa ɗan taki cikin murfin kwalba a gindin shuka, musamman a haɗe da takin gida, na ɗaga amfani sosai. Saboda haka abin da zan iya karewa ƙarami ne: Maraɗi hujja ce a kan raya itacen gona, ba ta ce komai a kan haramta takin zamani ba, kuma ni da abokina babu mai ikon jawo ta can.

Potiskum tana da nata halin da ya kamata kasafi ya fara da shi. Kasuwar shanunta na cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, kuma duk inda dabba ta taru haka, kara da harawa da kowar wake kuɗi ne. Littattafan koyar da farfaɗo da ƙasa suna cewa a bar karan a gona ya rufe ƙasa. An daɗe da nuna cewa inda ake kiwo wannan shawara na karo da cikin dabba (Giller da abokansa, 2009), kuma a nan karon ya fi tsanani, domin mai kiwon turka na tsaye da kuɗinsa tun kafin a gama girbi. Wanda ya bar kara a fili, ko dai garke ya cinye ko wani ya kwashe. Amma kasuwar da ke janye karan ita ce kuma ke tara taki, ita ce ke sa 'ya'yan gawo da ganyen itace su yi daraja da rani. Wato ladan da abokina ke nema daga Turai yana nan a gari, ga wanda ya tabbata itacen nasa ne. Abin da ke tsakanin takin da gonar da ke nesa shi ne kuɗin ɗauka, wanda ya ƙaru tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Amalanke da shanun ja a hannun ƙungiyar manoma, bisa bashi mai juyawa, sun fi kusa da matsalar fiye da alawus ɗin bita.

Mutanen Yobe kuma ba sa buƙatar a ba su labarin abin da ke faruwa idan igiyar kuɗi ɗaya ce. Shirin raya yankin busasshiyar ƙasa na Arewa maso Gabas, NEAZDP, mai hedikwata a Garin Alkali kusa da Gashuwa, ya fara a 1990 da kuɗin Tarayyar Turai. Da aka rataye Ken Saro-Wiwa a Fatakwal a Nuwamban 1995, Turai ta dakatar da tallafinta ga Najeriya, shirin ya koma neman abin da gwamnati za ta iya ba shi. Manomin Bade ba shi da hannu a abin da ya faru a Fatakwal. Yau ma akwai manyan kuɗi, kamar dala miliyan 700 na shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya amince da shi a 2021 domin jihohin Arewa, kuma ƙaramar ƙungiya na iya raɓar irinsu. Sai dai duk al'adar da aka ɗaura a jikin biyan lada, ranar da aka yanke shawara a wani birni mai nisa za ta kwance.

Da ni aka ba kasafin in gyara, layin lada zan soke gaba ɗaya. Kuɗin zai koma albashin malaman gona kaɗan 'yan yankin, masu jin Karekare ko Ngizim ko Bolanci ko Fulatanci bayan Hausa, na shekara goma. Da kai manoma Maraɗi su gani da idonsu idan hanya ta ba da dama. Da zaman da za a yi ta yi da dagatai da arɗo-arɗo da malaman daji da masarautun Fika da Pataskum har a sami rubutacciyar yarjejeniya a kan wa ke da reshe, wa ke da 'ya'ya, yaushe garke zai shiga, ina burtali ya bi. Wannan aiki ba ya ba da hoto mai kyau a rahoton shekara, kuma na san da wuya mai ba da tallafi ya so shi. Abokina ya ce mini kasafin da ba a samu kuɗinsa ba takarda ce kawai, kuma ba ni da amsar da ta gamsar da ni kaina a kan wannan. Duk da haka, idan takardarsa ta zo gabana a yadda take, ba zan sa mata hannu ba.