Saƙonnin Damfara da Sunan Banki a Kudancin Kano: Nazarin Salonsu da Hanyoyin Kariya a Kiru da Maƙwabtanta

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda ake ƙirƙirar saƙonnin imel na bogi da sunan bankuna, da yadda suke isa ga masu asusu a ƙananan hukumomin Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa. An dogara ne da sanarwar Babban Bankin Nijeriya, da dokar laifuffukan intanet ta 2015, da tsarin ginin saƙonnin kansu. Abin da nazarin ya tsaya a kai shi ne, shawarar da aka saba bayarwa ta neman kuskuren Turanci a cikin saƙo ba ta da amfani sosai a wannan yanki. Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne abin da saƙon ke nema daga mai asusu.

Gabatarwa

Tattalin arzikin wannan yanki na noma ne da fatauci: hatsi a kasuwar Kwanar Ɗangora da ke kan hanyar Kano zuwa Zariya, shinkafa a Tudun Wada, noman rani da ruwan madatsar Tiga, haƙar ma'adinai a Riruwai. Ciniki ne da aka saba yi hannu da hannu. Sauyin fasalin naira da Godwin Emefiele, gwamnan Babban Banki na lokacin, ya sanar a ranar 26 ga Oktoba 2022, da ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo baya a farkon 2023, su suka tura manomi da dillali zuwa tiransifa da shagon mai POS ba shiri. Mutane da yawa sun shiga harkar banki ta waya kafin su san ƙa'idojinta, kuma 'yan damfara sun lura da haka.

Za a iya cewa ina ruwan mai sayar da masara da imel? Amsar tana cikin wayarsa. Wayar Android tana buƙatar adireshin Gmail kafin a sauke manhaja, kuma sau da yawa mai gyaran waya ko yaron shagon kwamfuta ne ya buɗe shi, har ya san lambar sirrinsa. Ɗalibin da ya yi rajistar JAMB da matashin da ya nemi N-Power duk suna da imel. Ƙari a kan haka, rubutun da aka tsara don imel shi ne ake kwafewa a tura ta gajeren saƙo ko WhatsApp, sannan kiran waya ya biyo baya, wani lokaci da Hausa tsantsa.

Yadda ake gina saƙon

Saƙon bogi yana rayuwa ne a jikin labari na gaskiya. An ƙaddamar da lambar BVN a ranar 14 ga Fabrairu 2014. A Disamba 2020 aka ba da umarnin haɗa layin waya da lambar NIN, aka kuma riƙa toshe layuka. A ranar 1 ga Disamba 2023 Babban Banki ya wajabta haɗa ƙananan asusu da BVN ko NIN, da gargaɗin cewa daga 1 ga Maris 2024 za a hana cire kuɗi daga asusun da bai cika sharaɗin ba. Don haka idan saƙo ya zo cewa za a rufe asusu cikin awa ashirin da huɗu in ba a sabunta bayanai ba, mai karɓa ya riga ya ji makamancin wannan a rediyo. Ɗan damfara bai ƙirƙiri tsoron ba, aronsa ya yi.

Daga nan sai mahaɗin da za a latsa. Yana kai mutum shafi mai tambarin banki da launinsa, inda ake neman lambar kati, da ranar ƙarewarsa, da lambobi uku na bayansa, da lambar sirri. Da zarar an cike, ɓarawon zai fara sayayya ko tura kuɗi, bankin gaskiya kuma zai aiko da lambar OTP zuwa wayar mai asusu. A nan ne ake kiransa a ce ya karanto lambar "don a kammala gyara". Wannan lamba ita ce ƙofa ta ƙarshe. Tsarin tura kuɗi nan take na NIBSS, wanda ya fara aiki a 2011, yana sa kuɗin su bar asusu cikin daƙiƙoƙi, a rarraba su a wasu asusu kafin mai su ya gama karanta alat.

Alamomin da ake dogara da su da rauninsu

Littattafan wayar da kai sukan ce a duba kuskuren nahawu. Wannan shawara ta ɗauka cewa mai karatu ya fi ɗan damfara iya Turanci, alhali a Yalwa ko Kafin Maiyaki ana iya samun attajirin da ya iya lissafin buhu dubu a ka, ya iya ajami, amma boko sai an karanta masa. Kuma manhajojin rubutu na zamani sun kawar da kurakuran da ake nema. Sunan mai aikowa ma ba hujja ba ne, domin ana iya rubuta sunan kowane banki a gurbin; adireshin da ke ƙarƙashinsa ne abin dubawa, shi kuwa ƙaramin allon waya yakan ɓoye shi. Alamar kwaɗo da ke gefen adireshin shafi tana nuna cewa an lulluɓe hanyar sadarwa ne kawai, shafin ɓarawo ma yana iya samunta kyauta.

Abin da ba ya sauyawa shi ne buƙata. Banki ba ya tambayar lambar sirri, ko OTP, ko lambobin bayan kati ta imel ko ta waya, kuma bankunan suna maimaita haka a sanarwarsu. Wannan ƙa'ida tana shiga kunne da Hausa, ba ta buƙatar iya karatu, kuma tana aiki ko da saƙon ya ambaci cikakken sunan mutum da ranar haihuwarsa. Ambaton irin waɗannan bayanai yana ruɗar mutane ƙwarai, amma samunsu ba wuya: wanda ya tsinci layin waya yana iya latsa *565*0# ya ga BVN ɗin mai shi.

Akwai matsala ta al'ada da ta cancanci a tsaya a kanta. A ƙauye, miƙa wa mai POS kati tare da faɗa masa lambar sirri abu ne da ake yi kullum, musamman tsofaffi da matan aure masu aiken yara. Wanda ya saba da haka ba zai ga baƙon abu ba idan "ma'aikacin banki" ya nemi lambar. A ra'ayin wannan maƙala, masu POS su ne ya kamata a fara horarwa, domin wurinsu ake kai waya a ce, "Duba mini, me banki suka ce?" Rassan bankuna sun taru a cikin birnin Kano, mutumin Doguwa kuwa sai ya ratsa dajin Falgore kafin ya kama hanyar birni.

Bayan an faɗa tarko

Mintunan farko su ne masu tsada. Mai asusu ya toshe katinsa ko asusunsa da lambar gaggawa ta bankinsa, wadda ya kamata ya haddace tun kafin buƙata, ko ya kira lambar da ke bayan kati, ba wadda ke cikin saƙon ba. Tun 2015 Babban Banki ya umarci bankuna su kafa sashen karɓar ƙorafin zamba, wanda zai iya neman a riƙe kuɗi a asusun da suka faɗa idan ba a riga an cire su ba. Kada a goge saƙon, shaida ce. A sauya lambar sirrin imel, musamman idan wani ne ya buɗe shi. Idan banki bai warware ƙorafi cikin mako biyu ba, ana iya kai shi sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki, ana kuma iya kai rahoto ofishin EFCC na Kano.

Sashe na 32 na dokar 2015 ya tanadi ɗaurin shekara 3, ko tarar naira miliyan 1, ko duka biyun, ga mai yaudarar mutane da saƙon bogi don karɓar bayanansu na sirri. Sai dai doka ba ta motsawa sai an kai ƙara, kuma kunya tana hana dattijo faɗa wa ko da ɗansa cewa an yaudare shi, har kwana biyu ko uku su wuce, lokacin da kuɗin sun daɗe da barin asusun farko da suka sauka.