Zilzilar Lisbon ta 1755 da Masu Wa'azin Ƙarshen Zamani

Ranar Asabar 1 ga Nuwamba, 1755, da hantsi, yayin da mutanen Lisbon, babban birnin Fotugal, suka cika majami'u domin idin da mabiya Katolika ke yi wa dukkan waliyyansu, sai ƙasa ta yi girgizar da ta rufto da rufin ɗakunan ibada a kan masu ibada. Waɗanda suka tsere zuwa bakin kogin Tagus igiyar teku ta riske su, abin da ya saura kuma gobara ta yi kwanaki tana lashewa, har aka rasa dubban rayuka.

Da yake musibar ta auku a ranar idi, a birnin da ya shahara da yawan majami'u da ruhubanawa, jama'a ba su yarda cewa haɗuwar kwatsam ce ba. Masu wa'azi suka koma ga Linjilar Matiyu sura ta 24, inda aka lissafa girgizar ƙasa cikin alamomin ƙarshen zamani, da littafin Ru'ya ta Yohanna, inda zilzila mai girma ke biyo bayan buɗe hatimi na shida, suka ce ga alamar ta bayyana, saura hisabi. Har jita-jita ta bazu cewa ranar da shekara za ta zagayo za a maimaita halakar.

Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne Gabriel Malagrida, limami ɗan Italiya na ƙungiyar Jesuit, wanda ya daɗe yana wa'azi a Burazil. A 1756 ya wallafa risala yana cewa masu danganta al'amarin ga ɗabi'ar ƙasa ɓatattu ne, sababin gaskiya zunuban Lisbon ne, maganinsa kuwa tuba da halwa. Amma wazirin Sarki José na Ɗaya, wato Carvalho e Melo, wanda daga baya aka sani da Pombal, ya lura cewa mutumin da ya sakankance gobe za a tashi duniya ba zai binne gawa ko ya ɗauki tubali yau ba, don haka ya kori Malagrida zuwa garin Setúbal. Bayan yunƙurin kashe sarki a 1758 aka tsare limamin, a 1759 aka kori ƙungiyarsa daga ƙasar, sannan kotun binciken aƙida ta same shi da zindiƙanci saboda rubuce-rubucensa, ciki har da wanda ya yi a kan Dujal. A watan Satumba na 1761 aka shaƙe shi, aka ƙone gawarsa a dandalin Rossio da ke Lisbon.

Haƙiƙa jayayyar ba a kan ikon Ubangiji take ba, domin waziri da limami addininsu ɗaya. A kan wanda ke da hurumin fassara bala'i take, da abin da ya wajaba a yi bayansa. Waziri ya aika wa limaman kowace gunduma tambayoyi game da tsawon lokacin girgizar da yadda teku ta ja baya ta dawo, ya kuma sa aka sake gina birnin bisa firam na katako mai jure motsin ƙasa. Amsoshin da limaman suka rubuta suna cikin taskar tarihi ta ƙasar, kuma malaman ilimin zilzila na lissafa su cikin tubalan farko na fanninsu.